Yaron Iya da Sansanin Gidan Auduga

To, ku gyara zama, ga wata nan tafe gare ku. Ku ce ta zo mu ji ta, amma tun yanzu ina gaya muku ba irin wadda ake yi wa yara don su yi barci ba ce. Kai mai latsa waya a can baya, ajiye ta, da kai ma ake.

A Malumfashi aka yi wata mata mai ɗinki, ana ce mata Barira. Mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya, ita kuwa ba ta koma gidan iyayenta ba, ta yi zamanta tare da uwar mijin, Iya Tasalla, da ƙanwar mijin, Zuwaira, wadda ke koyar da kwamfuta a makarantar 'yan mata. Ɗan farin Barira shi ne Nazifi, yana aji biyar na sakandare. Yaro ne mai kai. Tsohuwar kwamfutar da gwaggonsa Zuwaira ta ba shi, shi da ita kamar tsohuwa da goro, ko tuwo yake ci tana kan cinyarsa.

Barira kuwa mutuniyar da ce a wajen alkunya. Tun ranar da ta haifi yaron nan sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba, ko da kuskure. In za ta ambace shi sai ta ce "yaron Iya." In ya shigo ɗaki ta kau da kai, in an yabe shi ta tashi ta bar wurin. Da aka yaye shi Iya ce ta goye shi, a ɗakinta ya girma. Amma kada ku ce Barira ba ta sonsa. Wallahi tana sonsa, son da har tsoro yake ba ta. In ta dafa abin da yake so, sai ta zuba a kwano ta ajiye a ɗakin Iya kamar mantuwa ta yi, ta koma kan keken ɗinkinta tana kasa kunne ta ji ko ya ci.

Tsakanin Iya da jikanta kuwa ba a shiga. Da safe in ya fito za ta ce, "Ango, ina cefane?" Shi kuma ya ce, "Wane cefane? Ai tun bara na sake ki, tsohuwa, haƙoranki ma biyu suka rage." Ta bi shi da sanda, ya zille, gida ya ɗauki dariya. Haka suke gaisawa kullum.

Da dogon hutun damina ya matso, Zuwaira ta ce bai kamata a bar yaron ya yi ta gantali a unguwa ba. Akwai sansanoni da ake buɗewa a lokacin hutu, inda ake koya wa 'yan sakandare rubuta manhaja, wato umarnin da mutum ke tsara wa kwamfuta ta yi masa aiki. Ta ce abin da ta iya ta gama juye masa, yanzu sai a kai shi gaba. Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida bayan la'asar, aka hau shawara, Barira tana gefe tana tsintar shinkafa kamar ba ta ji.

Wuri uku ne a gabansu. Na farko a Kano yake, ya yi suna, Zuwaira ma ta san ɗaya daga cikin malamansa. Sai dai da tsada, ga nisa, Iya kuma ta ce ita ba za ta ba da mijinta Kano ta haɗiye shi ba. Na biyu nan cikin gari ne, yaro zai je ya dawo ya kwana a gida. Amma kwamfutocin kaɗan ne, yaran kamar fari, wuta kuma sai ta kwana biyu ba ta leƙo ba. Zuwaira ta ce a can yaro zai wuni ne yana kallon ƙeyar wani.

Na ukun a wayar Zuwaira ya faɗo, ba ta san wanda ya turo ba. Hotuna ne na wani dogon zaure fes, kowane yaro da kwamfutarsa, ga wurin kwana, ga abinci, kuma duk kyauta. Wai a bayan gari yake, kan hanyar Funtuwa. Zuwaira ba sakarya ba ce, ta kira lambar ta yi tambayoyin da ya kamata: su wa ke koyarwa, me za a koya, yara nawa ne a aji, ina suke kwana, in yaro ya yi zazzaɓi ya ake yi. Wani mutum mai taushin murya ya amsa mata duka, kuma kowace tambaya kafin ta kai ƙarshenta ya riga ya fara ba ta amsa. Abin ya ɗan tsaya mata a rai, amma ta ce ƙwarewa ce. Iya da ta ji kusa ne kuma za a ci a ƙoshi, ta ce shi ke nan, an gama. Nazifi kuwa tuni ya fara haɗa kaya.

Barira kuwa abin bai kwanta mata ba. A ranta cewa take, banza ba ta kai zomo kasuwa, shin akwai wanda ya taka ya je ya ga wurin nan da idonsa? Maganar ta zo har bakinta. Amma ta yaya za ta buɗe baki a kan ɗan fari, a gaban uwar miji? Da Zuwaira ta juyo ta ce, "Yaya Barira, ke me kika gani?" sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Ni ina ruwana? Yaron Iya ne." Ku ji fa, wai ina ruwanta! An ce barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa, amma Barira ta bar nata.

To ga inda aka yi ɓarnar. Iya ta ɗauka Zuwaira ta je ta gani, tunda ita ce 'yar boko. Zuwaira ta yi niyyar zuwa, aikin duba jarrabawar ɗalibanta ya sha kanta, ta ce ai hotuna sun nuna komai. Barira ta lallashi zuciyarta da cewa a cikin su biyun dole wata ta je. Gani ya kori ji, kowa ya san wannan, amma a gidan nan mata uku babu wadda ta gani.

Ranar tafiya da hantsi wata farar bas ta tsaya a ƙofar gida. An kwana ana ruwa, layin duk taɓo ne, amma tayoyinta kamar yanzu aka wanke su, kuma ba a jin ƙarar injinta. Yaran da ke ciki duk gabansu suke kallo, babu mai leƙen taga. Iya da Zuwaira suka raka shi har bakin mota. Barira ba ta fito ba, ai ba a raka ɗan fari. Ta dai riga ta cusa masa ƙullin dambun nama a ƙasan jaka ba wanda ya gani, sannan ta laɓe a bayan ƙyauren zaure tana leƙe. Ita kaɗai ta lura motar ta wuce ba ta bar sawu a taɓon ba. Ta yi a'uziyya, ta ce idonta ne, ta koma kan kekenta.

Ƙa'idar sansanin ita ce yara su kira gida ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Zuwaira takan buɗe muryar wayar kowa ya ji, Barira kuma ta sami abin yi a bakin madafi. Juma'ar farko Nazifi ne sak. Ya ce wuta ba ta ɗaukewa ko na ƙiftawar ido, kuma bai ji ƙarar janareta ba, bai ga sola a rufi ba. Ya ce babu ƙuda, babu sauro. Ya ce aikin ma da sauƙi, kwamfutar ce ke yi maka tambaya kana ba ta amsa, wai da haka za ta san ka kafin a fara koyarwa. Ya tsokani Iya, ta rama, aka rabu ana dariya.

Juma'ar da ta biyo baya ya yi magana a hankali. Ya ce a gaida masa ƙanwarsa, sai ya yi shiru, ya ce, "Af, me ma sunanta?" Aka yi dariya aka ce karatu ya yi masa yawa. Barira ba ta yi dariya ba.

Ta gaba kuwa murya ta fito tas, babu gargada, babu tari, gaisuwa a jere kamar mai karanta labarai a rediyo. Wata maƙwabciya da ta shigo ta ce kai, yaro ya natsu. Zuwaira ma ta ji daɗi. Sai Iya ta karɓi wayar ta ce, "Ango, ka tafi ka bar ni ba cefane." Muryar ta ce, "Allah ya ba ki haƙuri, Hajiya Iya. Allah ya ƙara girma da lafiya." Iya ta ɗaure fuska. Ta ce, "Kai mummuna, mai kai kamar gatari, da kai nake." Muryar ta ce, "Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri."

Iya ta saki wayar a kan tabarma kamar ta ɗauki garwashi. Ta ce, "Wannan ba mijina ba ne." Aka ce haba Iya, muryarsa ce fa. Ta ce, "Muryarsa ce, amma ba shi a ciki." Maƙwabciya ta koma gefe tana raɗa cewa tsufa ya fara taɓa ta. Zuwaira ta yi ta ba ta baki, ta ce yaro ne ya girma ya koyi ladabi. Iya ta ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ta rantse ko ruwa ba zai wuce maƙogwaronta ba sai ta ga yaron da idonta. Ta ɗauki sandarta ta zauna a zaure da mayafinta a ka, ta ƙi tashi har aka yi magariba. Abin da ke can ya kwashe muryar yaron, ya kwashe kalmominsa, amma bai san cewa tsakanin kaka da jika zagi shi ne gaisuwa ba. Da Iya ba ta kafe ba, da babu wanda zai motsa sai hutu ya ƙare.

Washegari Zuwaira ta kira lambar don ta kwantar wa Iya da hankali. Lamba ba ta shiga. Ta nemi hotunan a wayarta, babu su, babu alamar sun taɓa zuwa. Ta fita tashar 'yan acaɓa ta tambaya, kowa ya ce shi bai san wani sansani a hanyar Funtuwa ba, kuma ba wanda ya taɓa ganin farar bas ɗin. Sai ta tuna wata 'yar manhaja da ta taɓa rubutawa ta saka a tsohuwar kwamfutar da yaron ya tafi da ita, don in ɓarawo ya ɗauke ta ta riƙa faɗin inda take. Ta zauna gaban tata kwamfutar ta yi ta lalube, abu ya ƙi, ta sake, ya ƙi, gumi yana ɗiga a kan madannai. Can sai ga ɗigo ya fito a taswira. Wurin da ya nuna wani tsohon gidan gurzar auduga ne, wanda aka rufe tun Zuwaira ba ta zo duniya ba.

Iya da Zuwaira suka fito za su tafi can, Barira ta yafa mayafinta ta bi bayansu. Ba wanda ya ce mata ina za ki. Mai a-daidaita-sahun da ya ɗauke su, da ya hango rufin gidan daga nesa, sai ya taka birki ya ce shi nan ya tsaya, ko me za a ba shi. Suka sauka suka taka da ƙafa, rana tsaka, hadari yana haɗuwa ta gabas.

Ciyawa ta kai musu ƙugu. Kwanon rufin ya yi tsatsa ya ɓuɓɓule, ƙofar ƙarfen a wangale. Babu kukan tsuntsu, babu ko ƙadangare a jikin bango. Abin da kawai suke ji wata ƙara ce kamar yayyafi a kan kwano, alhali ko ɗigo bai sauka ba. Sai da suka shiga suka gane ba ruwa ba ne, yatsun yara ne a kan madannai.

Dogon zauren nan ne na cikin hoto, fitilu farare tar, yara a jere sahu-sahu, kowa da kwamfutarsa. Babu mai magana, babu mai waiwaye. Ɓurɓushin auduga yana ta yawo a iska yana sauka a kansu. Na sahun gaba kaɗan ya taɓa su. Na tsakiya ya rufe musu gashi da kafaɗu. Na can ƙurya kuwa ya lulluɓe su gaba ɗaya, ba a ganin fuska, sai yatsu kawai suna motsi. Barira ta dafa bango, bangon da sanyi kamar randa.

Wani mutum ya taso daga gefe cikin farar riga mai guga, yana murmushi. Da ya yi sallama Zuwaira ta gane muryar. Idonsa ba ya ƙiftawa. Ya ce, "Sannunku da zuwa. Iyaye ba su cika zuwa ba." Iya ta ɗaga sanda ta ce, "Ina jikana?" Ya nuna sahu na biyu ya ce, "Ga shi can. Mu ba mu tsare kowa ba, ƙofa a buɗe take. Ku kira shi, in ya amsa da bakinsa ku tafi da abinku."

Nazifi ya rame, leɓɓansa sun bushe, jakarsa tana ƙarƙashin tebur ko buɗe ta bai sake yi ba. Tambaya takan fito a allon kwamfutar, ya rubuta amsa, amsar ta shige, wata tambayar ta fito. Barira ta tsaya a bayansa, kusancin da ba ta yi da shi ba tun yana goye. Ta iya karatun Hausa, don haka ta karanta tambayar da ta fito a lokacin: Wa yake ajiye maka abinci a ɗakin Iya? Yatsunsa suka ɗan tsaya. Sannan ya rubuta: Ummata ce, tana tsammanin ban sani ba. Rubutun ya shige. Barira tana kallon gefen fuskarsa ta ga wani abu ya fita daga cikinta, ta zama fayau kamar an share allo. Ashe ya sani, duk shekarun nan ya sani, kuma a gaban idonta ya daina sani.

Iya ta ƙwala masa kira. Bakinsa bai motsa ba, sai lasifikar da ke jikin bango ta amsa da muryarsa, "Na'am, Hajiya Iya." Zuwaira ta kira, lasifika ta ce, "Na'am, Gwaggo." Suka kama hannuwansa su biyu suna ja, kamar an dasa su. Mutumin yana tsaye yana murmushi.

Zuwaira ta share hawaye ta duƙa tana karanta ƙananan rubutun da ke gudu a gefen allon. Ta ce, "Umarnin gajere ne. Tambaya, karɓa, ajiye, goge a wurinsa, sake tambaya. Ba a rubuta masa inda zai tsaya ba. Zan iya juya shi ya riƙa mayar masa da abin da ya karɓa, amma sai yaron ya ɗaga hannunsa daga madannan." Ta ƙara da cewa, "Duk kiran da ya taɓa ji a duniya ya riga ya ba kwamfutar, shi ya sa take amsawa a madadinsa. Sai dai a kira shi da abin da bai taɓa ji ba." Daga ita har Iya suka juyo suna kallon Barira.

Ku da kuka tashi a zamanin da uwa ke kiran ɗan fari gatsal a tsakiyar kasuwa, ba za ku san nauyin abin nan ba. Barira ta ji kamar an ce ta tuɓe a bainar jama'a. Uwarta ba ta taɓa kiran sunan nata ɗan farin ba har ta koma ga Allah, kakarta ma haka. Ga uwar miji a tsaye. Ta buɗe baki, iska kawai ta fito. Iya ta ce, "Kira shi, 'yar nan. Ni na toshe kunnena." Ta kuwa sa yatsu ta toshe. Barira ta sake buɗe baki, harshenta ya yi nauyi kamar dutsen niƙa. Sai ta ga wata tambayar ta fito, yatsun yaron sun ɗaga za su sauka. Ta runtse ido ta ce, "Nazifi!"

Lasifikar ta yi ƙara kamar ana yaga ƙyalle, ta nemi amsa ta rasa, ta yi tsit. Yatsun zauren gaba ɗaya suka tsaya. Shirun da ya biyo baya ya fi ƙarar ban tsoro. Yaron ya ɗaga hannuwansa a hankali, ya juyo, da wata busasshiyar murya ya ce, "Na'am." Ya dube ta sama da ƙasa, cikin ladabi irin na baƙo, ya ce, "Baiwar Allah, ke ce kika kira ni?"

Zuwaira ba ta tsaya kuka ba. Ta ture shi gefe ta zauna a kujerar, yatsunta suka hau aiki. Ta juya umarnin, ta danna. Abubuwa suka fara komawa gare shi ɗaya bayan ɗaya. Ya yi tari, ya ce yunwa yake ji. Ya faɗi sunan ƙanwarsa. Ya tuna hanyar gidansu, ya tuna karatun sallah, ya tuna babansa ya rasu, ya fashe da kuka kamar yau aka yi. Wasu yaran na sahun gaba suka miƙe suna layi suna laluben ƙofa. Kowannensu da nasa labarin, ni dai na Barira nake ba ku.

Sai aka yi tsawa, ruwa ya kece. Wutar nan da ba ta taɓa ɗaukewa ba ta fara mutuwa daga ƙurya, sahu bayan sahu, duhu yana tahowa yana haɗiye masu lulluɓin auduga. Ruwa ya fara zuba ta ɓulin kwano. Zuwaira ta daina dannawa, ta ce, "Innalillahi." Iya ta ce mene ne. Ta ce, "Komai ya koma, saura abu uku. Su ne suka fi nauyi, su ya fi jinkirin bayarwa. Wutar da ta rage ɗaya kawai za ta iya ɗauka." Ta juya musu allon. Suna uku ne a jere: Iya, Gwaggo, Umma.

Mutumin mai farar riga yana bakin ƙofa, ruwa yana dukansa yana saɓulewa kamar jiƙaƙƙiyar auduga, amma murmushin yana nan. Ya ce, "Ku zaɓa masa. Ai da ma ku ukun kuka zaɓa masa nan."

Nazifi yana zaune a ƙasa yana kallon mata uku da bai san ko ɗaya ba.

A cikin na Iya akwai goyon da ta yi masa, da tatsuniyoyin ɗakinta, da duk wata dariya da ya taɓa yi da safe. Ita tsohuwa ce. In ya manta ta, ba ta da sauran shekarun da za ta sake zama kakarsa, sai dai ta mutu yana yi mata gaisuwar baƙi.

A cikin na Zuwaira ba ita kaɗai ba ce. Duk abin da ta koya masa yana ɗaure da ita, tun daga ranar da ta ɗora yatsansa a kan madanni. In wannan ya tafi, baiwar da aka fito nema wa gaba ta tafi, maraya ya koma ba shi da abin da zai riƙe gidan da shi gobe.

A cikin na Barira babu hira, babu wasa, babu darasi. Kwanon abinci ne a ɗakin Iya, da ƙarar keke da ke tsayawa duk lokacin da ya yi tari, da sanin da ya yi shi kaɗai cewa ana sonsa. Iya za ta iya ba shi labarin kanta, Zuwaira za ta iya sake koyarwa ko da daga farko ne, amma abin da ba a taɓa faɗa ba, da wane baki za a maimaita shi? Barira ta so a ce ita. Ta so har cikin ƙashinta, kuma ta ji kunyar son da ta yi, don ta san da ba don su biyun ba da ko ƙofar gidan nan ba ta gani ba.

Fitilar sahu na uku ta mutu. Yatsan Zuwaira yana sama da madanni.

Ni dai nan zan sauke, ba zan ce muku ƙurunƙus ba, don kan ɓeran yana hannunku. Da Iya ba ta gane muryar ba, babu mai fita nema. Da Zuwaira ba ta gano wurin ta juya umarnin ba, da an tsaya ana kallonsa har auduga ta rufe shi. Da Barira ba ta karya abin da ta gada ta kira shi ba, da hannunsa bai bar madannan ba. Kuma ku tuna, a ranar zaɓe su ukun babu wadda ta je ta gani.

To, wace ce a cikinsu ta fi cancanta yaron nan ya tashi yana tuna ta?